AMSOSHIN WASIƘUNKU: Me Manomi Da Ɗan Kasuwa Za Su Samu A Laburare?

  A wannan mako mun ware wasiƙu huɗu daga cikin jakarmu. Garuruwansu daban-daban ne, amma dukansu sun taɓo abu guda, watau laburare, ɗakin karatu na jama'a, da irin amfanin da mai neman na kansa zai samu a ciki. To, bismilla.

SHIN BA NA 'YAN BOKO BA NE KAƊAI?

Wasiƙa ta farko ta fito ne daga wani manomi a yankin Giwa ta Jihar Kaduna. Ya ce yakan wuce wani gini a birni da aka rubuta wa laburare, amma bai taɓa leƙawa ba, don yana jin wurin 'yan makaranta ne da ma'aikatan gwamnati. Yana tambaya ko irinsa yana da hurumin shiga.

To, Malam, kana da hurumi ƙwarai da gaske. Laburare iri-iri ne. Akwai na makaranta, akwai na jami'a, waɗannan na ɗalibansu ne. Amma laburaren jama'a, wanda hukumar laburare ta jiha ko ƙaramar hukuma ke riƙe da shi, da kuɗin harajinka aka gina shi. Ba a tambayar takardar shaidar makaranta a bakin ƙofa.

Abin ma ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Tun lokacin Yaƙin Duniya na Biyu hukumomin En'e suka buɗe ɗakunan karatu a garuruwan Arewa, inda jama'a kan taru a karanta musu labarin yaƙi daga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939. A 1952 aka kafa babban laburaren Jihar Arewa a Kaduna, ana cika akwatuna da littattafai ana aika wa waɗannan ɗakuna. A 1964 aka yi dokar kafa Laburaren Ƙasa, wanda daga baya ya buɗe rassa a jihohi. A Kano akwai babban Laburaren Murtala Muhammed a unguwar Nasarawa. 'Yan'uwanmu na Jamhuriyar Nijar kuma sun san ɗakunan karatun da ake kira CLAC, waɗanda aka kakkafa a garuruwa na karkara.

In ka je, ka nemi ma'aikacin da ke zaune a tebur na gaba. Ka tambaye shi yadda ake yin katin zama mamba, da abin da ake biya, da ranakun da ake buɗewa. Galibi hoto ne da adireshi da ɗan kuɗin rajista. Da wannan kati ake ba mutum aron littafi ya tafi da shi gida na wasu kwanaki.

Sai dai ga shawara guda wadda ta fi duk sauran: kada ka je hannu rabbana, ka je da tambaya. Wanda ya shiga ya ce ya zo ganin littattafai, zai zagaya ya gaji ya fita. Wanda ya ce wake na ke ci da ƙwari a rumbu, me zan yi, to shi ne zai fita da abin hannu. Aikin ma'aikacin laburare ke nan, an horar da shi ne don ya san inda amsa take. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata.

Ga misalin abin da manomi zai nema. Cibiyar wayar da kan manoma ta NAERLS da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tana buga ƙasidu kan noman masara, dawa, shinkafa, kiwon kaji da sauransu, wasu ma da Hausa. Hukumar kula da yanayi ta NiMet kan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, mai nuna lokacin da ake sa ran ruwa zai sauka da lokacin da zai ɗauke a kowane yanki. Wanda ya ga wannan kafin ya sayi iri, ya san ko mai saurin nuna zai nema ko mai jinkiri. Haka kuma batun wake, akwai bayanin buhun nan na PICS mai leda biyu a ciki, wanda aka fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007. In an ɗaure shi da kyau iska ba ta shiga, ƙwari su mutu, ba tare da an zuba magani ko kaɗan ba.

In kuwa karatun boko bai zauna maka ba, wannan ba abin kunya ba ne. Ka tafi da ɗanka ko ƙanenka ya karanta maka, kai kuma ka rubuta abin da ka ji da ajami a littafinka.

CINIKI NA TAFIYA, JARI NA RAGUWA

Wasiƙa ta biyu daga wani mai sayar da hatsi ce a kasuwar Dawanau. Ya ce kullum yana ciniki, kaya na shiga suna fita, amma duk ƙarshen shekara sai ya ga jarinsa ya ja baya. Wani ɗansa ɗan makaranta ya ce masa ya je laburare. Shi kuwa yana tambaya, me littafi ya sani game da kasuwa?

Alhaji, littafi bai fi ka sanin kasuwa ba. Ba zai koya maka gane masara mai danshi ba, ko sanin dillalin da ba ya cin amana. Abin da zai koya maka shi ne lissafi a rubuce, kuma a nan ne yawancin jari ke zurarewa.

Bari mu buga misali. A ce ka sayi buhun masara 10, kowane a kan N40,000. Bayan wata uku ka sayar a kan N45,000. A ka, sai ka ce ka ci ribar N5,000 a kowane buhu. To amma mu zauna mu ƙirga. Kuɗin mota N2,000. 'Yan dako, lodi da saukewa, N600. La'adar dillali N500. Kuɗin shiga kasuwa N400. Sabon buhu da magani N1,500. Hayar sito ta wata uku N1,000. Jimla N6,000 ke nan a kan kowane buhu. Ashe buhun ya tsaya maka a kan N46,000. Watau ba riba ka ci ba, faɗuwa ka yi ta N1,000 a kowane buhu, N10,000 a buhu goma, alhali kana murna. Ba a ma sa kuɗin cefane da aka zara daga aljihu guda ba.

Duk ƙaramin littafin koyar da lissafin kasuwanci da za ka samu a laburare, irin wanda ake koyar da 'yan sakandare da shi, abu huɗu zai ce ka rubuta kullum: abin da ya shigo, abin da ya fita, bashin da kake bi, da bashin da ake bin ka. Sa'an nan ka raba kuɗin kasuwa da kuɗin gida. Ka yanka wa kanka abin da za ka riƙa ɗauka duk mako, kamar kai ma ma'aikaci ne a rumfarka. Littafin rubutu guda na 'yan firamare da biro sun isa. Wannan rubutu zai kuma sauƙaƙa maka fitar da zakka, domin ɗaya cikin arba'in na dukiyar kasuwanci ba ya fita daidai sai an san adadin dukiyar.

Abu na biyu shi ne rajista. Yanzu hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ta intanet take karɓar rajistar sunan kasuwanci. Ana buƙatar lambar katin ɗan ƙasa, hoto, lambar waya da adireshin imel. Da takardar rajistar ne ake buɗe asusun banki da sunan kasuwanci, da ita kuma manyan kamfanoni masu sayen hatsi ke yarda su yi hulɗa da mutum. In laburaren da ke kusa da kai yana da kwamfuta, watau na'ura mai ƙwaƙwalwa, ka roƙi a buɗe maka shafin hukumar ka ga kuɗin rajista da idonka, kafin wani ɗan tsakiya ya yanka maka nasa farashin. Haka kuma za ka ga shafin hukumar SMEDAN mai kula da ƙananan sana'o'i, da na Bankin Manoma mai hedikwata a Kaduna, ka san sharuɗansu tun kafin ka kashe kuɗin mota.

A wasu ƙasashe wannan aiki ya yi nisa. Babban Laburaren Ingila da ke London ya buɗe sashe na musamman don masu ƙananan sana'o'i a 2006, inda ake nuna wa mutum yadda zai binciki kasuwa kafin ya zuba jari. A ƙasar Sabiya ta Turai, laburaren garin Jagodina ya farfaɗo da ɗakunan karatu na ƙauyuka a 2010, ya sa musu intanet, ya koya wa manoma tallata amfanin gonarsu ta wannan hanya. Kai, shi kansa Andrew Carnegie, attajirin ƙarfe na Amurka wanda ya ba da kuɗin gina laburare sama da 2,500 tsakanin 1883 da 1929, yaron aike ne a farko, da littattafan aro ya ilmantar da kansa.

KARATU TA INTANET, GASKIYA NE KO ZANCE NE?

Wasiƙa ta uku daga wata uwargida ce a Azare, mai sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ta ce tana so ta gyara sana'arta ta riƙa sa kaya a kwalba da leda mai tambari, kuma ɗanta da ya gama sakandare yana zaune ba aiki. An ce musu ana karatu ta intanet. Tana tambaya ko gaskiya ne, ko kuwa wata hanyar cin kuɗin mutane ce.

Hajiya, gaskiya ne, amma a cikinsa akwai tsaki akwai tsakuwa. Bari mu raba miki shi gida uku.

Na farko, karatun gani da ido. Akwai ƙungiya mai suna Access Agriculture da ke shirya finafinan koyar da manoma da masu sarrafa amfanin gona a harsuna da yawa, ciki har da Hausa, kuma kyauta ake saukar da su. Akwai kuma SAWBO mai yin zanen majigi kan adana hatsi da kashe ƙwari. Wannan bai buƙatar iya karatu. In an saukar da fim ɗin sau ɗaya a inda intanet yake, a zuba shi a waya, sai a kai gida a kalla tare da sauran mata sau nawa aka ga dama, ba a sake sayen data ba.

Na biyu, darussa masu tsari, irin wanda ya dace da ɗanki. Akwai shafuka kamar Khan Academy, wanda kyauta ne, yana koyar da lissafi da kimiyya. Akwai Alison, da Coursera, da Udemy, inda ake koyar da aikin kwamfuta, lissafin kasuwanci, da tallar kaya. Wasu darussan kyauta ne, wasu na kuɗi, kuma sau da yawa karatun kyauta ne amma takardar shaidar sai an biya. Yawancinsu da Turanci ne. A Ghana, Hukumar Laburare ta ƙasar ta haɗa gwiwa da wata hukumar ilmi ta ƙasashen Kwamanwel a 2020, ta samar wa matasa gurbin irin waɗannan darussa ba tare da sun biya ba. Wannan ya nuna abin da laburare zai iya in hukuma ta tsaya masa.

Na uku, karatun digiri. Wannan sai jami'ar da gwamnati ta amince da ita. Akwai Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, watau NOUN, mai cibiyoyi a jihohi, inda mutum ke karatu yana sana'arsa. Ana biyan kuɗi, ana kuma zana jarrabawa. Duk wanda ya ce zai ba ɗanki digiri a wata uku in ya turo kuɗi, ɓarawo ne.

Amfanin laburare a nan shi ne wuri mai shiru, da tebur, da wuta in an yi sa'a, da kwamfuta mai babban allo maimakon ƙaramar waya. Yaro ya sa wa kansa lokaci, a ce awa biyu kullum da safe, ya ɗauki darasi guda ya kai shi ƙarshe kafin ya taɓa wani. Yawancin masu fara irin wannan karatu ba wuya ce ke kayar da su ba, rashin tsayawa ne.

Game da kwalba da tambari kuwa, ki sani abinci da aka ƙunshe don sayarwa a kanti yana buƙatar lambar hukumar NAFDAC. Sharuɗan suna nan a rubuce a shafin hukumar: tsabtar wurin aiki, abin da za a rubuta a jikin kwalba, ranar yi da ranar lalacewa. Ki sa a karanta miki su kafin ki buga tambari, kada a yi aikin baban giwa.

AN CE IN ZUBA KUƊI, DUK WATA A BA NI RIBA

Wasiƙa ta huɗu, wadda ta fi tayar mana da hankali, daga wani mai fataucin dabbobi ce a Maigatari. Ya ce wani abokinsa ya nuna masa wani kamfani a waya, wai in ya zuba kuɗi za a riƙa ba shi kashi 30 cikin 100 duk wata. Abokin har ya karɓa sau biyu. Yana shirin sayar da shanu biyu ya zuba, amma ya ce bari ya ji ta bakinmu.

Malam, ka riƙe shanunka. Mun gode wa Allah da ka yi tambaya kafin ka kai su kara.

Ɗauki biro mu yi lissafi. N100,000 in tana ƙaruwa da kashi 30 cikin 100 duk wata, ana mayar da ribar a kan uwar kuɗi, a shekara guda za ta haura Naira miliyan 2 da dubu 300. Wace sana'a ce a duniya ke haihuwa haka? In da akwai ta, mai ita ba zai nemi kuɗin shanunka ba. Abin da suke yi shi ne su ɗauki kuɗin wanda ya shigo yau su biya wanda ya shigo jiya. Abokinka da ya karɓa sau biyu, ƙoto ne aka sa a ƙugiya, shi ma bai sani ba. Ranar da sababbin shiga suka ragu, sai a rufe shafi.

An sha yin haka a ƙasar nan. MMM ma kashi 30 cikin 100 ta yi alkawari, ta kulle asusun mutane a watan Disamba na 2016. A watan Afrilu na 2025 wani mai suna CBEX ya rushe da kuɗin jama'a masu ɗimbin yawa. Duk wannan yana nan a tsofaffin jaridu da laburare ke ajiyewa. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Ga abin da za ka bincika, ko a laburare ko a wayar wanda ka yarda da shi. Babban Bankin Nijeriya yana da jerin bankunan da ya ba lasisi. Hukumar SEC mai kula da hannun jari tana da jerin kamfanonin da ta yarda su karɓi kuɗin jama'a don juyawa. In sunan kamfani ba ya ciki, magana ta ƙare. Kuma kada takardar rajistar CAC ta ruɗe ka. Ita shaida ce kawai cewa an yi wa suna rajista, ba izinin karɓar ajiyar mutane ba ce.

Sa'an nan akwai hukumar NDIC mai inshorar ajiyar banki. Tun 2024, in babban banki na kasuwanci ya durƙushe, tana biyan kowane mai ajiya har zuwa Naira miliyan 5, in kuma ƙaramin banki ne na masu ƙaramin ƙarfi, har zuwa Naira miliyan 2. Kuɗin da aka zuba wa kamfanin waya irin na abokinka ba shi da wannan kariya ko ta sisin kwabo.

Haka batun bashi. Masu ba da rance ta waya sukan ce ruwansu kashi 10 ne kacal. Ka tambaya, a wata ko a shekara? In a wata ne, bashin N100,000 zai ci N120,000 na ruwa a shekara, ya fi uwar kuɗin. Wanda ke gudun riba saboda addini, akwai bankunan da ba sa aiki da ruwa, kamar Jaiz da ya fara a 2012 da TAJ da ya fara a 2019. Su ma ka sa a karanta maka yarjejeniya tun daga farko har ƙarshe kafin ka dangwala hannu.

Gargaɗi na ƙarshe ga duk mai amfani da kwamfutar jama'a: kada ka faɗa wa kowa lambar sirri ta katin bankinka, ko lambar da banki ke turowa ta waya, ko da ma'aikacin laburare ne, ko wanda ya bugo ya ce daga banki yake. In ka gama aiki, ka tabbata an rufe shafinka kafin ka tashi daga kujera.

IN BABU LABURARE A GARINKU FA?

Mun san wasu za su ce, ai duk wannan zancen birni ne. Gaskiya ne da yawa daga ɗakunan karatu na ƙananan hukumomi sun lalace. Rufi na yoyo, littattafan sun tsufa, babu wuta balle kwamfuta, wasu ma a kulle suke. Amma abin da ba a zuwa, ba a kuma tambayarsa, shi ake fara mantawa da shi ranar kasafin kuɗi. Ma'aikacin da ke da rajistar mutum 200 masu zuwa yana da bakin magana a gaban shugaban ƙaramar hukuma fiye da wanda ke zaune shi kaɗai yana korar ƙuda.

Saboda haka ƙungiyoyin manoma, da na 'yan kasuwa, da na mata masu adashi, ku rubuta wa kansilanku da ɗan majalisarku takarda, ku sa hannu gaba ɗaya. Ku nemi abu ƙayyadadde: a gyara rufi, a sa faranti mai amfani da hasken rana, a kawo kwamfuta biyu, a riƙa kawo jarida da ƙasidun noma. Kafin a amsa muku kuma, ku fara da abin da ke hannunku. Ɗaki guda a ofishin ƙungiya ko a ƙofar gidan mai gari, akwati mai makulli, ƙasidun da malamin gona zai kawo, da yaro guda mai sakandare da zai riƙa karanta wa jama'a ranar kasuwa bayan la'asar. Ɗakunan karatun da iyayenmu suka sani a zamanin En'e ma ba su fi haka ba da farko. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

To jama'a, nan za mu dakata a wannan mako. Waɗanda ba su ji amsar wasiƙarsu ba su yi haƙuri, tana kan layi. Ku ci gaba da aiko mana da tambayoyinku, a rubuta da kyau, tambaya guda a takarda guda. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa wa kasuwa albarka, ya tsare mu daga hannun macuta. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.